Farfesa Gidaɗo Fakku da Maƙalar 'Ya'yan Fari

Haihuwa da asali

An haifi Farfesa Gidaɗo Attahiru Fakku a shekarar 1941 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1360 Hijiriyya, a garin Fakku na ƙasar Kebbe, kudu da birnin Sakkwato. Mahaifinsa shi ne Malam Attahiru Dogo, malamin fiƙihu mai karantarwa a zaure, wanda kuma yake noman gero da dawa kamar kowane magidanci a garin. Mahaifiyarsa ita ce Malama Zahara'u, wadda aka fi sani da Atu, 'yar mutanen Sanyinna, kuma shi ne ɗanta na fari. Bisa al'adar ƙasar, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban jama'a, ba ta ma nuna cewa nata ne, kuma wannan kunya abin yabo ce ga mace. Saboda haka da aka yaye shi sai aka miƙa shi ga kakarsa ta wajen uba, Goggo Tambaya, a ɗakinta ya tashi. Bayansa Malama Atu ta haifi huɗu, su ne Na'iya, Ummulkulsum, Atiku da Na'inna.

Neman ilimi

Ya fara karatun Alƙur'ani a zauren mahaifinsa, kuma ya kai izu ashirin kafin a ɗauke shi zuwa makarantar elamantare ta Tambuwal a 1949. Malam Attahiru bai so ba, amma da ya ga babu makawa sai ya yi sharaɗin cewa duk hutu yaron zai dawo ya ci gaba da littattafansa, kuma an cika wannan sharaɗi har ya sauke ya karanci fiƙihu gwargwado. A 1953 ya wuce makarantar Midil ta Sakkwato, a 1956 ya tafi kwaleji a Zariya, inda ya yi fice a lissafi da kimiyyar halittu. Abokan karatunsa sun shaide shi da ƙarancin magana da taurin kai a kan abin da ya haƙiƙance, har suna yi masa laƙabi da Alƙali. A 1962 ya samu gurbin karatun likitanci a Ibadan, ya kammala a 1968, yana cikin 'yan tsirarun mutanen lardin Sakkwato da suka kai wannan matsayi a wancan zamani. Idan aka lissafa, tun yana ɗan shekara takwas bai sake yin wata uku cur a jere a Fakku ba.

Aiki da aure

A 1966, yana ɗalibi, aka ɗaura masa aure da Saudatu, 'yar wani ɗan kasuwar hatsi na Dogon Daji, wadda ta yi firamare kuma take iya karatu da rubutun boko da ajami. Ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa. Ya fara aiki a babban asibitin Sakkwato a 1969, a ɓangaren yara, inda ya shekara uku yana fama da ƙyanda da sanƙarau da gudawa, sau da yawa shi kaɗai ne likita a ɗakin. A nan ya rubuta maƙalarsa ta farko a 1971, a kan yadda ƙyanda ke makantar da yara a lokacin bazara. A 1972 gwamnati ta tura shi Ingila don ƙwarewa a kan lafiyar yara a ƙasashe masu zafi, kuma a can ya haɗu da Dokta Norman Ashcombe, Baturen da ya taɓa aiki a Gabashin Afirka, mutum mai fara'a da iya tsara rubutu, wanda ya zama abokin bincikensa na tsawon shekara goma sha biyar. Ya dawo gida a 1975.

Binciken ƙasar Kebbe

A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, arzikin man fetur kuwa yana kan ganiyarsa, duk wanda ya zo da shawara mai kama da ta ci gaba ba a barin sa ya koma hannu rabbana. Dokta Gidaɗo, wanda a lokacin ya koma koyarwa a jami'a, ya nemi a kafa masa ƙaramar cibiyar bincike a Tambuwal, aka ba shi gida da motoci biyu masu shiga daji da ma'aikata. Abin da ya sa a gaba shi ne tsinkau-tsinkau, wato ciwon da ke shiga jariri ta cibiya ya sandarar da shi, galibi kafin ranar suna. Ashcombe ya zo daga Ingila, aka kuma gayyato Dokta Rashidi Adegoke, masanin ƙididdiga daga Ibadan, mutum mai tsantseni wanda ba ya sa hannu a kan lissafin da bai maimaita shi da kansa ba.

Daga 1977 zuwa 1979 ma'aikatan cibiyar, waɗanda yawancinsu ɗaliban jinya ne daga wasu jihohi, suka zagaya ƙauyukan Kebbe da Fakku da Sanyinna da kewaye, suka tambayi mata sama da dubu uku. Tambayar ɗaya ce: haihuwarki nawa, da masu rai da waɗanda suka rasu, kuma wane ne na farko. Da aka tattara amsoshin sai sakamako ya ba kowa mamaki, domin ya nuna cewa 'ya'yan fari su ne suka fi tsira daga tsinkau-tsinkau, alhali a sauran duniya su ne suka fi mutuwa. Masu binciken suka jingina wannan ga al'adar goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gidan iyayenta ta haihu a hannun mahaifiyarta. A kan haka suka ba da shawarar cewa duk inda allurar rigakafin masu ciki ta yi ƙaranci, a fara da matan da suka yi haihuwa uku zuwa sama, a bar masu cikin fari a ƙarshen layi.

Maƙalar 1980 da shuhura

An buga maƙalar a 1980 a wata mujallar likitanci ta Landan, da sunan Gidaɗo a farko, Ashcombe na biyu, Adegoke na uku. Ta samu karɓuwa nan da nan, domin masanan Turai na wancan lokaci babu abin da ke faranta musu rai kamar a ce musu wata al'adar ƙauye ta fi asibiti. A al'adar masu bincike, darajar maƙala tana ga yawan waɗanda suka ambace ta a nasu rubutun suka kafa hujja da ita, kuma akwai kundin da ake bugawa duk shekara yana ƙidaya wannan ambato. Cikin shekara huɗu an ambaci maƙalar Kebbe sau ɗari da talatin, aka sa ta a wani babban littafin koyar da ɗaliban likitanci, kuma hukumomin lafiya a ƙasashe da dama masu ƙarancin allura suka tsara rabon rigakafinsu bisa shawararta.

A wannan tsakani ya buga wasu maƙalu goma sha tara, a kan sanƙarau da kurkunu da tsargiya a garuruwan fadama, takwas daga ciki tare da Ashcombe, amma duk a haɗe ba su kai rabin ambaton waccan ɗaya ba. Ya gabatar da jawabai a Nairobi da Alƙahira da Janeba. A 1983 aka ɗaga shi zuwa matsayin Farfesa yana da shekara arba'in da biyu, kuma kwamitin da ya duba ayyukansa ya faɗa ƙarara cewa maƙalar 1980 ce ginshiƙin hukuncinsa. A shekarar ne mahaifinsa ya rasu, bayan ya ji ana kiran sunan Fakku a rediyo ta dalilin ɗansa.

Abin da ya faru a 1985

A farkon 1985 aka kawo Malama Atu asibiti a Sakkwato don a cire mata yanar ido. Da hantsi, Farfesa yana tsaye a gefen gadonta, wata ma'aikaciyar jinya baƙuwa a garin ta zo ɗaukar bayanin mara lafiya kamar yadda aka saba, ta tambaye ta shekarunta da garinsu, sannan ta ce, “Inna, haihuwarki nawa, da masu rai da waɗanda suka rasu?”

Tsohuwa ta kawar da kai daga ɓangaren da yake tsaye, ta ce, “Fuɗu na, ɗiyata. Na'iya shi ab babba.”

Ma'aikaciyar ta rubuta huɗu ta wuce gado na gaba. Daga baya Farfesa ya shaida wa Dokta Adegoke cewa tsallake shi da mahaifiyarsa ta yi a lissafin bai dame shi ba ko kaɗan, da ta ambace shi ma da shi ne zai fara jin kunya. Abin da ya dame shi shi ne, tambayar ita ce dai tambayar da ma'aikatansa suka yi wa mata dubu uku, kusan kalma da kalma. Idan uwa za ta tsallake ɗan fari yana tsaye a kanta da rigar likita, to ina ga wanda ya mutu yana ɗan kwana shida shekaru da suka wuce? Ke nan yawancin waɗanda aka rubuta a matsayin 'ya'yan fari, a zahiri na biyu ne, na farin na gaskiya kuwa, musamman matattu, ba su taɓa shiga lissafi ba. Abin takaici, kuma shi da kansa ya sha faɗa, al'ada ce da ya sani tun bai san hannun damansa ba, shi ma ita ta raine shi, amma bai taɓa kawo ta kusa da takardar tambayoyin da aka tsara da Turanci a ofis ba.

An ruwaito daga Hajiya Saudatu cewa ya dawo gida a ranar bai taɓa abincin rana ba, da ta matsa masa sai ya ce, “Saudatu, duk jinjirin da aka hana ma uwatai allura saboda takardag ga, ni za a tambaya gobe ƙiyama. Wallahi tsoro nika ji.”

Bincike na biyu

Ya tashi haiƙan don sake binciken, sai dai zamani ya juya. Arzikin mai ya ja baya, gwamnati tana tsuke bakin aljihu, cibiyar Tambuwal an rufe ta, motocinta suna kan duwatsu a bayan gida. Saboda haka daga 1986 zuwa 1987 ya riƙa fita da motarsa duk Alhamis da Asabar, shi da Hajiya Saudatu da wasu ungozomomi biyu. A wannan karo ba a tambayi iyaye mata ba. Aka tambayi kakanni da gwaggwanni, domin kaka ba ta kunyar jika, har wasa take yi da shi, kuma ita ce ta karɓi haihuwar, ita ta wanke gawar in an rasa. Hajiya Saudatu ce ke shiga cikin gida ta zauna a tabarma ta yi hirar, shi yana zaure tare da maigida.

Sun samu gidaje kusan dubu ɗaya daga cikin na farko. Dokta Adegoke ya zo daga Ibadan ya maimaita lissafin har sau uku, kuma sakamakon bai sauya ba: 'ya'yan fari su ne suka fi kowa mutuwa da tsinkau-tsinkau a ƙasar Kebbe, ninki biyu da ɗoriya a kan ƙannensu. Shawarar 1980 ta tura ƙarshen layi daidai matan da ya kamata a fara da su.

Gyara da rabuwa da Ashcombe

A 1988 ya rubuta gyara, ya nemi a janye maƙalar farko ɗungurungum, ya aika wa abokan aikinsa biyu su sa hannu. Adegoke ya sa a ranar da ta iso shi. Ashcombe, wanda a lokacin ya zama shugaban sashe a wata jami'a ta ƙasarsu bisa ƙarfin wannan maƙala, ya amsa da cewa tunanin tsofaffin mata ba hujja ba ne a kimiyya, kuma abokinsa ya bar tausayi ya rinjayi hankalinsa. Farfesa ya sake rubuta masa sau da dama, ya gayyace shi ya zo Fakku ya ji da kunnensa, amma Baturen ya yi biris. Daga nan ba su sake haɗa suna a kan takarda ba, ba su kuma sake gaisawa ba.

Mujallar ta ƙi janye maƙalar, da hujjar cewa marubutan ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Bayan ja-in-ja na shekara guda, ta buga gyaran a 1989 a matsayin gajeriyar wasiƙa a shafukan baya, tsakanin sanarwar taro da tallar na'urar awo, wurin da ko mai neman sa sai ya sa tabarau. Ma'aikatar lafiya ta Jihar Sakkwato dai ta saurare shi, kuma daga 1990 aka riƙa fara yi wa masu cikin fari allura a duk asibitocin karkara. Wannan ce nasara ɗaya tak da ya gani da idonsa.

Shekarun ƙarshe

Sauran rayuwarsa ta ilimi ya ƙarar da ita ne yana yaƙi da rubutun kansa. Duk shekara idan kundin ambato ya iso ɗakin karatu na jami'a, sauran malamai suna rububin duba ko sunansu ya ƙaru, shi kuwa yana dubawa ne da fatan nasa ya ragu, kuma bai taɓa raguwa ba. Duk wanda ya ga ya kafa hujja da maƙalar, ko a Indiya yake ko a Birazil, sai ya aika masa da kwafin gyaran. Kaɗan ne suka amsa, wasu ma godiya suka yi masa a kan maƙalar farkon, alamar ba su karanta abin da ya aiko ba. A wurin taro, da zarar mai jawabi ya ambace ta, sai ya miƙe ya ce shi ne ya rubuta ta kuma kuskure ce, har masu shirya taro suka gaji suka daina gayyatar sa. Ya cire ta daga jerin ayyukansa, ya kuma roƙi majalisar jami'a ta sake duba cancantarsa ga kujerar Farfesa ba tare da ita ba, majalisar ta ɗauki abin a matsayin tawali'u, ta yaba masa, ta rufe maganar. Wasu abokan aiki suna raɗa cewa Alƙali ya fara taɓuwa. Marubutan babban littafin nan na ɗalibai sun yi masa alƙawarin gyarawa a bugu na gaba, bugu na gaba ya fito a 1992 da shafin yadda yake.

Duk da haka bai daina aiki ba. Ya yaye ɗalibai bakwai masu digiri na uku, ya buga wasu maƙalu tare da Adegoke da matasan likitocin Sakkwato da Birnin Kebbi, galibi a kan yadda ya kamata a yi wa matan karkara tambaya. Jimillar abin da ya wallafa a rayuwarsa maƙala sittin da ɗaya ce, da babi huɗu a littattafai, tare da abokan bincike ashirin da shida daga ƙasashe tara. Mahaifiyarsa ta rasu a 1991. Ya yi ritaya a 1993 saboda ciwon hawan jini, ya koma Tambuwal, inda yake duba yara a wani ɗaki a ƙofar gidansa bayan sallar asuba har zuwa hantsi. Zuwa ƙarshen 1994 an ambaci maƙalar 1980 sau ɗari huɗu da goma sha biyu. Gyaran kuwa an ambace shi sau tara, huɗu daga ciki shi ne ya ambaci kansa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Talata a watan Yuni na 1995, a asibiti a Sakkwato, bayan shanyewar ɓarin jiki, yana da shekara hamsin da huɗu. An kai shi Fakku bisa wasiyyarsa, aka yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi kusa da kabarin mahaifinsa, a gaban ɗimbin jama'a daga Kebbe da Tambuwal da Sanyinna da Dogon Daji.

A rana ta uku tawagar jami'a ta zo ta'aziyya. Shugaban tawagar, wanda sabon zuwa ne kuma bai san marigayin sosai ba, ya miƙe a ƙofar gida ya bayyana wa jama'a girman wanda suka rasa. Ya ce akwai wata maƙala da ya rubuta a 1980 a kan wannan ƙasa tasu, wadda masana suka ambata fiye da sau ɗari huɗu, har gobe ana koyar da ita, kuma ana rabon allura bisa shawararta a ƙasashen da marigayin bai taɓa takawa ba. Jama'a suka yi ta madalla. Limamin Fakku, wanda bai san komai game da gyaran ba, ya ɗaga hannu da zuciya ɗaya ya roƙi Allah ya sa wannan maƙala ta zama ilimi mai gudana, kada ta yanke, duk lokacin da wani ya yi aiki da ita sakamakon ya iske mamacin a kabarinsa. Duk zauren ya amsa da amin. Dokta Adegoke, wanda ya taso tun daga Ibadan, yana zaune a bakin tabarma kansa a sunkuye, shi kaɗai ne bai shafa ba.

Ya rasu ya bar matarsa, Hajiya Saudatu, da 'ya'ya shida: Dokta Hindatu, likitar mata a Sakkwato, Attahiru, injiniyan ruwa, Hassan da Husaini, ɗaya malamin sakandare ɗaya manomi a Fakku, Zahara'u, ma'aikaciyar jinya, da Ummulkulsum, wadda take aji biyar a sakandare lokacin rasuwarsa. Ya kuma bar jikoki tara da ƙannensa uku, Na'iya, Atiku da Na'inna. Allah ya karɓi gyaransa, ya yafe masa kuskuren farko.